Gurbin da Baba Ya Hana a Rufe

Zuwa ga ƙanena, Autan gidanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da amaryarmu da 'yarka Sarauniyar Surutu. Allah Ya ƙara maka lafiyar jiki da kwanciyar rai, Ya sa albarka a aikinka, Ya kare ku daga sanyin nan da kake ta kuka da shi. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da maƙwabta a kan kajinsu, wanda ka san ita ce babbar shaidar lafiyarta. Yarana biyu sun koma makaranta, babbar kuma ta kamo ni a tsawo, tana ta yi mini iyayi a kai. Baba yana ci yana sha, yana kuma sa maka albarka safe da yamma.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga wadda kuke hira da ita a waya duk ranar Lahadi. Dalilin kunnen Baba ne. Yanzu ko a bayan gida na tsaya ina raɗa, sai ya kira ni daga ɗakinsa ya tambaye ni da wa nake magana. Abin da zan faɗa maka kuwa ya roƙe ni kada in faɗa. Na yi sati uku ina juya shi a raina, na ga idan na ci gaba da rufewa na zalunce ku ku biyu. Don haka ka nemi wuri ka zauna, ka karanta a tsanake. Maganar daɓen gidan nan ce da ka sa aka yi.

Ka tuna ranar da muka zaɓi tayil ɗin. Ina cikin shago, na ɗaga waya sama ina bin layi-layi da kai har hannuna ya yi tsami, kai kuma kana can kana ba da umarni, in matsa gaba, in koma baya, in karkato. Mai shagon ya fara nuna mana ƙanana, ka ce a'a, manya kake so, irin mai ƙarfin nan da ba ya shan ruwa wanda ake kira posilen, santimita ɗari da ashirin kowane gefe. Ka ce idan tayil ya yi girma mahaɗa takan ragu, datti ba ya samun wurin maƙalewa, ni ma in huta da durƙuson goge tsakani, ƙafar Baba kuma ta daina tuntuɓe da tsagar siminti. Ka ce so kake falon ya zama shimfiɗe ɗaya, kamar ruwan da ba a motsa ba. Mutumin ya jawo wani mai ɗan kaushi, ya ce gidan da akwai tsoho wannan ya fi, ni ce nan na ture shi na nuna fari mai sheƙi. Ba zan ɗora maka laifin kai kaɗai ba. Ni ma ina son masu shigowa su ga abin da ƙanena ya yi wa mahaifinsa. Da ido muka yi zaɓen, ni da kai, kuma babu wanda ya tambayi mai gidan.

Mai tayil ɗin da aka kawo mana dattijo ne mai furfura a gemu, magana tana yi masa wuya, yana aiki da wani ƙaton abokinsa da ke dariya a madadinsu su biyu. Ranar farko bai buɗe kwali ko ɗaya ba. Ya shimfiɗa wani dogon ƙarfe miƙaƙƙe a ƙasa, ya ɗora ma'aunin ruwa a kai, yana ja daga kusurwa zuwa kusurwa yana girgiza kai. Da na gaji na tambaye shi, sai ya ce ƙaramin tayil yana yafe wa ƙasa idan ta karkace, amma babba ba ya yafiya. Ya ce in dai an bar rami ko tudu a ƙarƙashinsa, ranar da aka ɗora masa nauyi zai tsage daga wannan gefe zuwa wancan. Saboda haka sai an fara zuba sabon siminti an daidaita ko'ina, kashi-kashi, daga falo a bi lungun ɗakuna har ƙarshe. Na ce masa ya yi abin da ya dace, tunda shi ya san aikinsa.

Ko ka tuna tsohon daɓen namu, jan simintin da Inna, Allah Ya jiƙanta, take gogewa har ya yi duhu? Akwai tsagar nan da ta taso daga ƙofar ɗakin Baba ta ratsa falo ta nufi ƙofar fita. Akwai gangaren da ke kai ruwan wanki tsakar gida, da 'yan ramuka huɗu a gindin taga inda keken ɗinkin Inna ya zauna shekara talatin. Sannan akwai naka aikin, a ƙofar ɗakinka da ke ƙarshen lungu, ramin da ka fasa ranar da ka cika gwangwanaye biyu da siminti ka soka musu sanda wai kana neman ƙwanji, abin ya suɓuce maka. Baba ya bi ka da sanda har waje, kai da ƙwanjin naka. Duk waɗannan ni datti na ɗauke su, abin kunya idan an yi baƙi. Cikin kwana biyu sabon siminti ya shafe na falo da rabin lungu, na tsaya ina jin daɗi.

Shimfiɗa tayil ɗin kansa abin kallo ne, na so a ce kana nan. Sukan kwaɓa gam, su shafa a ƙasa da wani cokalin magini mai haƙora har ya yi layi-layi, su kuma shafa a bayan tayil ɗin. Sai kowannensu ya manna wata roba mai tsotsa a gefensa, su ɗaga tare, su sauke tare, suna riƙe numfashi. Daga nan a bi shi da gudumar roba, a saka 'yan robobi a tsakani don kada wani ya fi wani tudu. Baba ya sa aka fito masa da kujera bakin ƙofarsa, ya zauna yana saurare. Ka san tsohon kafinta ba ya jin ana aiki ya yi shiru. Rana ta uku, mai tayil yana ƙwanƙwasa waɗanda aka shimfiɗa, Baba ya ce masa na ukun nan daga taga akwai iska a ƙarƙashinsa, ƙararsa ba irin ta sauran ba ce. Ƙaton ya yi dariya, amma dattijon ya sa aka ɗaga, sai ga wani gefe gam bai kama ba. Daga ranar suka ƙulla abota, kullum sai ya fara gaida Baba kafin ya taɓa kayan aiki.

Da aka gama falo da rabin lungu aka wanke, gaskiya ya yi kyau, Auta. Gwaggo ta shigo tana ɗaga ƙafa kamar mai tsallaka rafi, ta hango kanta a ƙasa ta tsaya gyara ɗankwali, ta ce wannan ai madubi ne aka kwantar. Ranar ce na kira ka na zagaya da kai, kana ta murna. Da na miƙa wa Baba wayar, ya ce maka ya gani, ya yi kyau kamar madubi, ya kuma ce ka ƙara ƙiba. Ka yi dariya ka ce aikin amarya ne. Ni ma na yi dariya. Ban lura ba a lokacin cewa kalmar Gwaggo ya ara.

Washegari da hantsi na fito daga kicin da tire a hannu, na tarar da Baba tsaye a tsakiyar falo. Ya miƙa hannu ɗaya gaba, yana jan tafin ƙafarsa a kan tayil, dama, hagu, dama, yana neman abin da babu. Fuskarsa tana kallon bango, shi kuwa ƙofa yake nufi. Da ya ji motsina sai ya sauke hannun da sauri, ya ce aikin yake dubawa. Na ajiye tiren na kama hannunsa. Na mayar da shi ɗaki. Daga ranar bai ƙara fitowa shi kaɗai ba. Kwana takwas yana zaune a bakin gado. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na lura ya rage shan ruwa, kofin da nake ajiye masa da safe haka nake ɗauke shi da la'asar, don kada ya buƙaci banɗaki ya kira 'yarsa ta ja shi.

Rana ta takwas na rufe ƙofa na zauna a gabansa na ce ba zan tashi ba sai ya gaya mini gaskiya. Ka san tun shekara biyu da suka wuce likita ya ce idon hagu ya tafi, na dama yana gani dishi-dishi, kuma haka muke gaya maka. To, na daman ma ya rufe tun bara. Baba ba ya ganin komai, Auta, ko hasken taga sai dai ya ji ɗuminsa. Shekara guda ke nan ina kai masa abinci ina ɗaukewa ban sani ba, saboda yana yawo a gidan nan ba sanda, ba lalube. Ya ce da ƙafa yake gani. Idan ya sauko daga gado ya taka tsagar nan, sai ya bi ta har ƙofa. Idan ya ji ƙasa ta fara gangarawa, ya san tsakar gida ce a gabansa. Ramukan keken Inna su ke gaya masa ya iso taga, nan yake tsayawa ya ɗan jima. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuma muka zo da alherinmu muka shafe masa hanyoyinsa duka cikin kwana biyu. Na tambaye shi me ya hana shi magana tun ranar da aka fara zuba siminti. Ya ce yaro ya yi gumi a ƙasar mutane ya aiko a gyara wa ubansa gida, da wane baki zai ce ba ya so. Ya kuma roƙe ni kada in gaya maka, wai hankalinka zai tashi, ka bar aikinka ka taho ba shiri. Na fita tsakar gida na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar Inna.

Ashe mai tayil ya riga ni ganewa. Da na same shi da maganar, ya ce tun ranar da ya ga yadda Baba ke ajiye ƙafa ya sani, amma ba hurumin baƙo ba ne ya tona abin da mai gida ya rufe. Sannan ya ce akwai dabara, sai dai za ta ɓata kyan da ake nema. Za a ɗaga wasu daga cikin manyan, a yanka su, a ratsa tsakaninsu da siririn tayil mai kaushi, faɗin tafin hannu, ya zama hanya. Ya gargaɗe ni cewa babban tayil idan gam ya kama shi ba ya tashi salin-alin, wasu za su fashe, kuma launin da muka saya ya ƙare a shago, wanda za a kawo daga baya ba zai yi daidai da shi ba ko da sunansu ɗaya. Ban kira ka ba, ban nemi izininka ba. Na koma shagon nan na sayo mai kaushin da na ture da hannuna, mai shagon bai yi mini gori ba, Allah Ya saka masa.

Baba da kansa ya zana hanyar. Ya riƙe kafaɗar mai tayil, suna tafiya a hankali, yana cewa nan tsagar take, nan ta karkata, shi kuma ƙaton yana bin su da alli a durƙushe, ranar ko dariyar bai yi ba. An ɗaga shida, uku sun fashe. Sun yi kwana huɗu suna yanka da inji ana zuba ruwa, gidan duk ya yi fari. Yanzu akwai ratsi mai ruwan ƙasa da ya taso daga ƙofar Baba, ya rabu uku a tsakiyar falo, ɗaya ya nufi banɗaki, ɗaya ƙofar fita, ɗaya ya bi ta gindin taga ya shiga lungu. Falonka ba shimfiɗe ɗaya ba ne kuma. Gwaggo ta ce ya yi kama da riga mai faci, na ce mata facin ya fi rigar amfani. Ranar da ya bushe, Baba ya sauko daga gado, ya laluba da yatsan ƙafa har ya taɓa kaushin, ya bi shi tiryan-tiryan har tsakar gida, ya nemi a ba shi ruwa ya shanye kofi biyu a tsaye.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ɗauki biro. Da aikin ya iso ƙarshen lungu, tayil ɗaya tak ya rage lafiyayye, kuma gurbi ɗaya ya rage, na ƙofar ɗakinka. Sun kwaɓa simintin da za su cike wurin ke nan, Baba ya biyo ratsinsa ya iso, ya sa ƙafa a tsohon jan daɓen, ya lalubo ramin gwangwanayenka. Sai ya ce su dakata. Ya ce duk gidan nan wannan kaɗai ya rage da ƙafarsa ta sani tun da, kuma wanda ya fasa ramin shi zai zo ya rufe abinsa. Na ce Baba, gurbin ya kai zurfin yatsu biyu, zai iya kayar da kai. Ya ce shekara ashirin yana taka wurin bai kayar da shi ba. Mai tayil bai yi musu ba, ya juye simintin a wani wuri. Ya dai ja ni gefe ya ce bakin tayil ɗin da ke kewaye da gurbin a buɗe yake, idan aka daɗe ana takawa zai fara ɓantarewa, kuma babu wani irinsa da za a canza. Ya kafa siraran katako a gefunan don su tare, Baba ne ma ya gaya masa irin katakon da zai nema. Ya ce za su riƙe wata shida, in an yi sa'a takwas.

Kullum da safe, bayan ya karya, Baba yakan bi ratsin nan ya tsaya a taga inda keken Inna yake da, sannan ya shiga lungu har ƙarshe. Sai ya sauke ƙafar dama cikin gurbin, ya sa diddige a raminka, ya dafa ƙofar ɗakinka ya tsaya. Ba ya buɗewa. Ni kuma ina kicin ina jin takunsa, ina yi kamar ban sani ba. Shekara tara ke nan rabonka da gidan nan, Auta. Na san ba ƙin zuwa kake yi ba, na san takardu da aiki da hidimar iyali, ban kuma taɓa yi maka gori ba, yau ma ba shi nake yi ba. Ka yi mana duk abin da ake yi daga nesa, har ka wuce. Amma zumunci a ƙafa yake, kuma mutumin nan fuskar da yake cewa ta yi ƙiba, fuskar da ka tafi da ita ce yake gani. Sarauniyar Surutu kuwa muryarta kawai ya sani, ya taɓa tambayata ko tana da kunnuwanka. Ni ma ina kewarka, in faɗa maka gaskiya. Wani lokacin nakan dafa abinci in ga na zuba kwano ɗaya ya yi yawa.

Idan ka kira ranar Lahadi, kada ka nuna masa ka sani. In ya ce ka yi ƙiba, ka yi dariyarka yadda ka saba. Ni zan gaya masa da bakina cewa na karya alkawari, faɗan nawa ne, na kuma saba da shi. Abin da nake so daga gare ka shi ne ka duba kalandarka da idon basira, ka rubuto mini wata, ko da ba ka sa rana ba.

Ka gaida amaryarmu da kyau, ka ce na gode da haƙurin da take yi da kai, na san ba ƙaramin aiki ba ne. Ka sumbaci Sarauniyar Surutu a goshi, ka ce gwaggonta ta tanadar mata falon da za ta yi sulu a kai har ta gaji. Gwaggo tana gaishe ku, ta ce a tuna maka man ƙafarta. Kawu Dogo da iyalinsa suna gaisuwa, haka ma yarana, da maƙwabcinmu mai gyaran rediyo da har yanzu yake tambayar ko ka daina tsoron karensa. Baba bai san da takardar nan ba, amma na san abin da zai ce, Allah Ya yi maka albarka.

Tayil ɗin yana jingine a bayan ƙofar ɗakinka, cikin kwalinsa, na sa tsohon bargo a ƙarƙashinsa don kada bakinsa ya taɓu. Mai tayil ya bar mana rabin buhun gam a ɗaure, da lambar wayarsa. Da zai tafi ya ce in gaya maka irin wannan tayil mutum ɗaya ba ya ɗaga shi, duk ranar da ka iso a kira shi, zai riƙe gefe ɗaya. Ɗaya gefen naka ne.

Taka har kullum,
Yayarka